Nisan Jidda Daga Warra

Mutanenmu na bakin tafki ba sa auna nisa da mil. Da wuni suke aunawa: in ka tura jirgi daga Warra da hantsi, yaushe za ka ɗaure shi a Yelwa? Ni da na yi boko har na zama malamin firamare sai na manta da wannan, kuma mantuwar ta cuci mahaifiyata.

Jihar Kebbi tana sabuwa fil Baba ya tafi aikin Hajji. Masunci ne, bai taɓa kwana inda ba ya jin ƙarnin kifi ba. Ni na raka shi filin jirgin sama na Sakkwato, yana ta tsokanata wai jirgin da ba shi da filafili ai abin tausayi ne. Bai dawo ba. Zazzaɓi ya kama shi bayan Arfa, aka binne shi a can.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa ya dace, ya kwanta a ƙasa mai tsarki. Inna tana amsawa da amin, idonta a bushe. A wurinmu in ruwa ya ci mutum, kowa ajiye komarsa ta kamun kifi yake yi, a fita da jirage da gora a yi ta nema. Mata ba sa kuka sai an kawo shi gaɓa sun gani. Inna ba ta ga komai ba sai jakarsa da wani alhaji ya kawo.

Ana gobe za ta fita takaba ta tambaye ni, "Wai wurin ga da nisa?"

Na so in sanyaya mata rai. Na ce, "Ba nisa, Inna. In jirgi ya tashi Sakkwato da hantsi, kafin la'asar yana Jidda."

Ta ce, "Kamar daga nan zuwa Yelwa ke nan. To mi ya hana su maido man shi?"

Daga ranar ba ta sake samun sukuni ba. Ta bi ƙannen Baba gida gida tana ce musu marasa zumunci, ɗan'uwansu yana tafiyar wuni guda sun kasa zuwa. Ta daina gaishe su. Ta rame, abinci sai an yi da gaske. Ni kuwa kunya ta hana ni gyara maganata, har damina ta wuce. Har yau ina jin haushin kaina.

Da na ga za ta bi Baba lahira, sai na ɗauko taswirar duniya daga ajinmu na shimfiɗa mata a tabarma. Na ja zare daga Sakkwato, ya ratsa Cadi da Sudan, ya haye teku ya dire Jidda.

Ta ce, "Ina ruwanmu?"

Na nuna mata. Farcena ya rufe tafkin gaba ɗaya, da Warra da Yelwa da duk inda ta sani.

Ta daɗe tana bin zaren da yatsa. Ta ce, "Ashe ko jiragen garin ga duka sun hita, ba su kai."

Na ce ba sa kaiwa.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Kukan da ta fasa ban taɓa jin irinsa ba. Maƙwabta suka rugo suna tambayar wa ya rasu. Na tsaya a ƙofa da taswira a hannu, na ce musu Baba ne.