Kyaftin Mai Aski da Littafin Jirgi

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani shagon aski mai kujera biyu, ɗaya ta masu zuwa aski, ɗaya ta littattafai. Mai shagon kowa Kyaftin yake ce masa, duk da cewa bai taɓa tuƙa ko da keke ba, jirgin sama kuwa daga ƙasa yake hango shi kamar kowa.

Wajen kawunsa ya koyi sana'ar bayan ya bar makaranta, kuma hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Da Allah ya bar shi haka, da ya tsufa cikin rufin asiri da mutunci. Sai wata rana wani malamin makaranta ya zo aski ya manta littafi a kan benci. Wuta ta ɗauke, kilifar aski ta yi shiru, Kyaftin ya buɗe littafin don ya kashe lokaci. Har wuta ta dawo, fanka ta tashi, wani tsoho ya zauna a kujera ya yi gyaran murya har ya gaji ya tafi, Kyaftin bai ɗago ba.

Littafin na wata marubuciya ne da ta yi suna wajen ƙagaggun labaran kimiyya, irin na taurari da mutum-mutumi da duniyoyin da ba wanda ya taɓa takawa. Labarin wani ƙaton jirgi ne da ya kwashi mutane zuwa sabuwar duniya, aka haihu a ciki, aka tsufa a ciki, ranar da aka iso kuma dattawan jirgin suka ce su ba inda za su sauka, sun saba. Kyaftin ya karanta, ya sake, ya bi sauran littattafanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yanke hukunci: littafin jirgi shi ne littafi, sauran duk 'yan rakiya ne.

Daga nan masu zuwa aski suka shiga uku. Da zarar ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, ya ɗora reza a maƙogwaro, sai ya fara daga babi na farko. Ba a taɓa samun wanda ya musa masa a wannan yanayin ba, abin da Kyaftin ya ɗauka a matsayin shaidar cewa duk gari ra'ayinsu ɗaya da shi.

Mutum ɗaya ne ya ɓata lissafin, mai kemis ɗin da ke jikin shagonsa, wanda Kyaftin ke kira Likita idan yana so ya ƙona masa rai. Kyaftin ne da kansa ya ara masa littattafan, yana ganin ya yi almajirin karatu. Mai kemis ya karanta, ya dawo ya zauna a kujera, aka aske masa rabin kai, sannan ya ce, "Ni fa Kyaftin, na mutum-mutumin nan ya fi burge ni. Wanda injina suka tafi yajin aiki saboda mutane ba sa gaishe su."

Kilifa ta tsaya.

"Likita, me ka ce?"

"Na ce ya fi. Na jirgin nan naka, sai an yi rabin littafi ana ta tafiya ba a isa ba."

"To da gidan surukanka aka nufa da za a isa kafin la'asar?" Kyaftin ya kwance ƙyallen ya kaɗe shi. "Tashi. Je ka injinan su ƙarasa maka."

Haka mai kemis ya wuni yana sayar da maganin tari da hula har kunne, ga zafi. Tun daga ranar layin ya rabu biyu. Mai gyaran waya da tela suka bi Kyaftin, mai shayi da direbobin tasha suka bi mai kemis, kuma akasarinsu ba wanda ya taɓa buɗe ko ɗaya daga cikin littattafan.

A gida ma bai tsira ba. Cikin littattafan akwai wani siriri, labarin wata tsohuwa da ta rage ita kaɗai tana share wata tasha a duniyar wata bayan kowa ya watse. Kyaftin ya ce wannan ba littafi ba ne, maganin barci ne, ya sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur don kada ya riƙa rawa. Matarsa ta zare shi ranar da take shara, ta karanta, ya tarar da ita tana goge ido.

"Baban yara, wannan ai ya fi naka," ta ce.

"Ke da shara dama," in ji shi. "Ko a wata aka kai ki, tsintsiya za ki fara nema."

Ranar tebur ya ci gaba da rawa, shi kuma ya ci abinci ba gishiri.

Ana haka 'yarsa babba, mai aikin jinya, ta zo da labarin cewa marubuciyar za ta zo babban kantin littattafai na cikin gari ta gana da masu karatu. Kyaftin ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori. Ya sa kayansa na zuwa ɗaurin aure, ya ɗauki littafin jirgi da ya sha salatif har bangonsa na ƙyalli, ya kuma taso mai kemis a gaba don ya ji da kunnensa. Matarsa ta ce za ta bi su ta sayi zare.

Ya zaci zai ga mace mai kwarjini. Sai ya tarar da 'yar gajeriyar dattijuwa mai mura, tana ta laluben tabaran da ke saman kanta. Da aka ba da damar tambaya, Kyaftin ya miƙe tun kafin a nuna shi, ya yi bayanin da ya fi jawabin marubuciyar tsawo, har mai kantin ya fara duba agogo. A ƙarshe ya ce, "Ranki ya daɗe, ki faɗa wa wannan bawan Allah, cikin littattafanki wanne ne gaba?"

Ta karɓi littafin ta jujjuya shi kamar tana ƙoƙarin tuna inda ta san shi.

"Wayyo, wannan," ta ce. "Malam, a gurguje na rubuta shi, ina fama da ciwon baya. Ƙarshen ma na rasa yadda zan yi da su ne, shi ya sa na bar su cikin jirgin. Na injinan kuma ya yi surutu da yawa. Ni wanda nake so shi ne na tsohuwar nan mai shara, sai dai ba kowa ke karanta shi ba."

Daga bayan ɗakin aka ji wata mata ta yi tari, tarin da Kyaftin ya sani sarai.

Da wani ne, da ya koma ya zauna. Kyaftin ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranki ya daɗe, kada ki ji haushi, amma ba ki fahimci littafin nan ba. Ki koma ki sake karanta shi a natse." Sannan ya shiga yi mata bayanin abin da take nufi a babi na tara. Sai da mai kemis da mai kantin suka kama shi hannu bibbiyu suka kai shi bakin ƙofa, yana waiwaye yana cewa bai gama ba. Marubuciyar kuwa dariya take har da riƙe ciki, tana rubuta wani abu a bayan tafin hannunta.

A motar komawa matarsa ta tambaya ko akwai mai son ruwa, da wata murya mai daɗi da ba ta saba amfani da ita ba.

Kyaftin ya yi rantsuwa ya bar karanta matar nan har abada. Ya sauke littattafan daga kujera ya tura su ƙarƙashin benci, masu zuwa aski suka samu lafiya, har wasu da suka gudu suka dawo. Shi da mai kemis kuma suka shirya, tunda duk an zubar da su a gaban jama'a.

Bayan 'yan shekaru sabon littafinta ya fito. Mai kemis ne ya fara karantawa, ya shigo shagon yana dariya har yana dafa madubi. A cikin labarin akwai wani mai aski a wata tashar sararin sama, mai surutun tsiya, wanda ke yi wa injiniyoyi bayanin injinan da suka ƙera da hannunsu. Tun a babi na biyu ma'aikatan tashar suka haɗa baki suka tura shi wani tauraro mai nisa, wai an yi masa ƙarin girma.

"Ta gama da kai, Kyaftin," in ji mai kemis. "Zagi ne a rubuce."

Kyaftin ya karɓa, ya ce zai duba ne kawai don ya ga kurakurai. Washegari ya fito fuska na sheƙi.

"Likita, matsalarka ba ka iya karatu ba. Ka lura tun da aka kore shi komai ya lalace a tashar? Shi ne ginshiƙin labarin. Matar nan sai yanzu hankalinta ya cika."

"To littafin jirgin fa?"

"Yarinta ce. Ai ita ma ta faɗa, a gurguje ta rubuta."

Yanzu idonsa ya yi rauni, 'yarsa ta saya masa tabarau mai kauri, hannun ma ya fara ɗan rawa, don haka gyaran fuska kawai yake yi wa tsofaffin abokan hulɗa. Ya sa tela ya ɗinka wa sabon littafin riga ta leda. Ya karanta babi na ɗaya da na biyu har ya haddace su, sauran kuwa ya bi su sau ɗaya ne, ya ce sun yi tsawo.