Ciwon Firintar Ɗakin Sikeli

Ranakun aiki da yawa sun shige mini duhu, amma ranar da aka kama ni a bayan firintar ɗakin sikeli tana nan daram a kaina, har warin tawadar nake ji. Tunda kun matsa in rubuta muku wani abu kafin in ajiye aiki, to ga shi. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshensa ba, don ni da malamin gasar gyangyaɗi muke yi.

Ni ne Iro, masinja a kamfaninmu na sayen hatsi da ke kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Mota za ta zo da masara ko dawa ko waken suya, ta hau sikeli a auna ta. Akawun sikeli, wato Malam Sani, ya buga takarda mai falle uku a manne: fara ta direba, ja ta sito, ruwan ɗorawa ta ofis. Mutanen sito ba sa sauke buhu ko ɗaya sai sun ga jar takardar nan. Shi ya sa muka maƙale wa tsohuwar firinta mai allurai, mai kukan nan kamar ana yage atamfa. Ita kaɗai ke dukan takarda da ƙarfi har rubutu ya huda zuwa falle na uku. Waɗannan na zamani masu shiru, shafa takarda kawai suke yi.

Takardarta doguwa ce, a ninke cikin kwali, da hudoji a gefe da gefe. Firintar tana da haƙora da ke shiga hudojin su ja ta. A bayanta kuma, ta wajen bango, akwai wani ɗan abu na roba da ake turawa gaba ko baya, ni kunne nake ce masa. In yana gefe ɗaya, haƙoran ne ke jan doguwar takarda. In yana ɗaya gefen, rola ce ke kamawa, don takarda falle ɗaya irin ta wasiƙa. In ka sa doguwar takarda alhali kunnen yana wajen rola, sai ta karkace, ta cukurkuɗe, inji ya yi ta ƙara kamar an taka wa kyanwa wutsiya.

Ba wanda ya koya mini wannan. Wata rana ina kakkaɓe ƙura tsummana ya ture kunnen, ofis ya rikice, manajan wancan lokacin har yana neman lambar mai gyara a Kaduna. Ni kuma na tuna abin da na taɓa, na lallaɓa na mayar. Inji ya miƙe. Aka ce kai, Iro yana da hannu! Daga ranar aka ba ni kujera a ɗakin sikeli, ƙarƙashin fanka.

To, mutum ba ya ɗanɗana fanka ya so komawa rana. Duk lokacin da na ji ƙishin-ƙishin za a mayar da ni bakin ƙofa ko sharar sito, sai firinta ta kamu da ciwo. A kira ni. In zo a natse, in ɗaga murfi, in hura mata iska sau uku, in bubbuga gefenta, in rufa mata tsumma kamar mai jego. A ƙarƙashin tsumman yatsana ya tura kunnen. Ban taɓa leƙawa in ga inda yake ba, turawa kawai nake yi ɗaya gefen, tunda ni na san inda na bar shi. Haka muka ci shekaru.

Sai aka kawo sabon manaja, Alhaji Bashir, mutum mai son komai sabo. Ana tsakiyar kakar masara ya sa aka ɗauke tsohuwar kwamfutar sikeli aka kafa sabuwa ranar Lahadi. A ranar ya kira ni ya ce, “Baba Iro, yanzu da muka samu kayan zamani ba a buƙatar mai jinyar inji. Ƙarshen wata za ka koma reshenmu na Dayi, ka riƙe musu ƙofa.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe, Allah ya sa haka ya fi alheri.”

Ƙofar Dayi kuwa na san ta. Ko inuwar dogon yaro babu.

Litinin da sassafe na riga kowa shiga, na yi shara, na tura kunnen, na fita wajen mai shayi na zauna na harɗe ƙafa ina jiran a neme ni. Motoci sun fara jeruwa, na Gozaki da na Matazu da na ƙauyukan kusa. Ban gama kofi na biyu ba aka aiko.

Na tarar da takarda tuli a ƙasa, manaja yana huci, Malam Sani ya zuba wa allon kwamfuta ido. Takardar cike take da rubutu, amma ni da Turancin kirki da na banza duk ƙafar kaza ne a idona. Na ce a raina, aikina ne ya yi kyau haka. Na ɗaga murfi, na hura, na bubbuga, na rufa tsumma, na tura kunnen.

Malam Sani ya danna. Takarda ta karkace ta dunƙule, inji ya ƙwala ihu.

Wannan bai taɓa faruwa bayan na sa hannu ba. Manaja ya ce, “Da can shirme take rubutawa, yanzu ka zo ta koma cin takardar. Hannun ke nan da ake ta ba ni labari?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wani lokacin magani sai ya tayar da ciwo kafin ya kwantar.”

Malam Sani ya tashi ya zagaya bayan injin, ya ciro takardar da ta lalace, ya ɗaura wata. Aka danna, ta tafi sumul, amma manaja ya duba ya ce shirmen dai ne. Ni kuma na ce to, lalle kunnen ne bai zauna daidai ba. Na faki ido na sake turawa. Ta sake cin takarda. Haka aka yi ta yi har hantsi ya dubi ludayi: in ta tafi sumul ta rubuta shirme, in ta tashi kuma ta cinye takardar.

Waje kuwa ya fara ɗaukar zafi. Hadarin ƙarshen damina ya haɗo daga gabas, rabin motocin ba su da tamfol. Wani direba da ake kira Ɗan Gozaki ya leƙo ta taga ya ce, “Baba Iro, yau aljanun naka sun tafi yajin aiki ne? In ruwa ya taɓa masarar nan, wallahi a gidanka zan shanya ta.”

Na ce, “Kai dai je ka ɗaure ƙyauren motarka da ke rawa, ka bar manya su yi aiki.” Amma bakina ne kawai ke magana. Na fara tunanin ko tura-turar shekarun nan ce ta karya wani abu a ciki. In haka ne, ba maganar Dayi ake ba, maganar gida ake.

Manaja ya kira wata mai gyara daga cikin garin Funtua, Injiniya Rabi. Ta sauka daga kan babur da jaka a kafaɗa, ba za ta wuce sa’ar ’yata ta biyu ba. Ta gaishe mu, ta ɗauki takardar shirmen ta duba, ta ce, “Wannan ba ciwon firinta ba ne. Kwamfuta ba ta magana da firinta kai tsaye, akwai wata manhaja a tsakaninsu da muke kira direba, aikinta kamar na tafinta ne. Sabuwar kwamfutar ba ta san tsohuwar nan ba, sai ta ɗauko tafintan wata firinta daban ta ba ta. Shi ya sa take rubuta abin da ba a ce ba.”

Ta cire wancan tafintan, ta nemo wani da ta ce na gama-gari ne, tsofaffin injuna suna jin maganarsa. Ta duba wayar da aka yi wa ƙari, don bakin wayar firintar mai faɗi ne, sabuwar kwamfutar kuma ba ta da raminsa. Ta gyara tsawon takarda a cikin kwamfutar ya dace da namu. Sannan ta danna.

Takarda ta cukurkuɗe.

Ta zagaya baya, ta yi ’yan dube-dubenta, ta dawo ta danna. Takarda ta fito tsaf, har Malam Sani ya karanta nauyin mota da ƙarfi. Manaja ya yi hamdala ya fita ya shaida wa direbobi. Ni kuma, ku ji wautar tsoho, sai na ga in aka tashi a haka yarinyar nan ce ta yi gyara, ni ko sunana ba za a ambata ba. Na ce bari in ƙara mata ciwo ɗaya ƙarami, in warkar a gaban manaja. Ta sunkuya tana neman abu a jaka, na matsa da tsummana kamar mai goge ƙura.

Aka danna ta mota ta biyu, ta ci takarda. Malam Sani ya tashi ya ciro, ya ɗaura wata, ta tafi daidai. Injiniya ta tsaya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta zagaya bayan injin ta ɗan jima, sannan ta ce za ta je ta wanke hannu.

Tana fita na sake gwada sa’ata. Inji ya yi ihu, Malam Sani ya sake zagayawa. Sai ga ta ta dawo, ta tura ƙofa ta rufe.

Ta ce, “Baba, don Allah mu ga tsumman nan.”

Na miƙa. Baƙar tawada ce shaɓe-shaɓe a tsakiyarsa.

Ta ce, “Malam, kai ma mu ga hannunka.”

Malam Sani ya buɗe tafinsa. Babban yatsansa baƙi ƙirin.

Ta ce, “Tawadar ƙyallen da injin ke rubutu da shi na shafa wa abin tura takardar nan. Tun ɗazu ina barinsa a wuri ɗaya ina tarar da shi a wani. Inji ba ya tura kansa. Yanzu wa ke ɓatawa, wa ke gyarawa?”

Na dubi Malam Sani. Mutumin nan ustazu ne, ba ya wasa, ba ya dogon zance. Ya goge yatsansa da takarda ya ce, “Shi ke ɓatawa. Yau da safe da na shigo na ga ya tura, sai na mayar, don na ga ranar ba ta wasa ba ce. Da ya zo da tsummansa bai duba ba, ya sake turawa.”

Na ce, “Malam, ka ga na tura? Tun yaushe ka sani?”

Ya ce, “Tun ciwo na biyu.”

Jama’a, ciwo na biyu ya fi shekara goma. Na nemi kujerata na zauna, fankar tana kaɗawa amma gumi nake yi. Na ce, “’Yar nan, ki rufa mini asiri. Tsoro ne ya sa ni, ba mugunta ba.”

Ta ce, “Baba, ka sa na kusa kwance injin da lafiyarsa ƙalau. Da ka faɗa mini abin da ka taɓa tun da na shigo, da rabin motocin nan sun sauke.” Ta ciro salatif ta naɗe kunnen a gefen haƙora, naɗi mai kyau. “Ba zan yi wa manaja ƙarya ba. In bai tambaya ba kuma, ba zan kai masa ba.”

Kafin in yi godiya muka ji ihu a waje. An fara yayyafi, kowane direba yana so ya riga hawa sikeli, motoci biyu sun haɗa hanci a ƙofa, manaja yana tsakiya da takarda a hannu yana kiran lamba, ba mai sauraronsa. Na fita da gudu. Ni na san su duka, na san mai tamfol da marar tamfol, na san wanda ake lallashi da wanda sai an zage shi yake ji. Na ce, “Ɗan Gozaki, ja da baya, kai da ke da tamfol sabo kake kuka? Marasa rufi su fara! Alhaji Mamman, kai babba ne, ka nuna wa yaran nan hali.” Aka yi ta tsiya ana dariya, layi ya miƙe. Motoci suka yi ta hawa, firinta tana ta yage atamfarta a ciki.

Mota ɗaya ce ruwa ya taɓa, ta wani bawan Allah daga Matazu. Buhunan sama suka jiƙe. Kwana biyu na yi ina taya shi shanya a filin sito, yana ta sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka kamar bulala take sauka mini.

Da yamma manaja ya tambayi Injiniya me ya faru. Ta ce matsala biyu ce ta haɗu, ta tafinta da ta abin tura takarda, duk an magance. Ya buɗe baki kamar zai ƙara tambaya, ya dubi tsummana, ya dubi yatsan Malam Sani, sai ya fasa. Ya ce, “Baba Iro, maganar Dayi a bar ta. Daga gobe layin motoci naka ne. Amma ɗakin sikeli, ko ƙofarsa kada in gan ka.” Ya sa aka kafa mini rumfar kwano a bakin sikeli. Fanka dai ta tafi.

Abin da na koya, ku yaran yanzu ku riƙe. In mai gyara ya zo, ku faɗa masa duk abin da kuka taɓa, ko da abin kunya ne, don ciwo biyu in suka haɗu a inji ɗaya, ɓoye ɗaya yana hana a gane ɗayan. Sannan ni da na ɓata shekaru ina gadin wani ɗan roba don kada a ce ba ni da amfani, ashe amfanina yana waje cikin hayaƙin motoci, ban taɓa ɗaukarsa aiki ba. Na uku kuma, duk dabarar da kake ji da ita a wurin aiki, akwai wanda ke zaune kusa da kai ya gan ta, ya yi shiru.

Daga baya na tambayi Malam Sani me ya sa bai taɓa tona ni ba. Ya ce, “Kana da iyali. Kuma ciwon ba ya wuce minti goma.” Ya ƙara da cewa, “Ranar da ka hura mata iska har hularka ta faɗi, sai da na shiga sito na rufe ƙofa na yi dariyata.”