Kantar da Ta Fi Maharazu Tsawo

Shekara goma sha tara Maharazu ya yi a bakin ƙofar ofishin Alhaji Uzair, mai fiton kaya a Illela. Shan-inna ta cinye masa ƙafafu tun yana ƙarami a Tozai. Da keken guragu yake zuwa, ya sauka ya ja jiki zuwa tabarmarsa, ya jawo ɗan teburin da na yi masa, wanda bai wuce gwiwa ba. Nan direbobin Ƙonni da 'yan kasuwa ke tuɓe takalma su zauna gabansa. Shi ke karanta takardun Faransanci. Shi ya san wanda za a shigar wurin Alhaji, da wanda za a ba ruwa a sallama. Takarda ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Da Alhaji ya rasu, ɗansa Faruk ya karɓi ofis. Ni ne kafintansu, sai ya kira ni ya nuna mini hoto a waya: doguwar kanta mai ƙyalli, kujerun ƙarfe a jere, babu tabarma.

"Irin wagga nika so, Baba Maccido. Baƙo ya shigo ya san ofis ya shigo."

Na ɗora tef ɗin awo a bango. "Wagga ta kai ƙirjin mai tsaye. Malam Maharazu fa?"

"Mi za ya hana shi? A yi mai doguwar kujera."

"Wa ka ɗora shi?"

"Ga mai gadi nan. Kai dai yi aikinka."

Maharazu yana jin mu daga tabarma. "Auna da kyau, Maccido," in ji shi. "Kada ta fito karkatacciya kamar bakinka."

Na yi kantar. A gefe guda na rage mata tsawo daidai zamansa, ban tambayi kowa ba. Faruk ya gani, ya ce na ɓata masa hoto, in cike. Na cike.

Daga nan kullum safe mai gadi ke ciccibar Maharazu ya ɗora shi bisa kujera, kamar buhun albasa, a gaban mutanen da suka saba durƙusa masa. In salla ta yi ko zai kewaya, sai ya kira. Ya daina shan ruwa a wurin aiki don kada ya yawaita kira. Lokacin zafi ne, leɓɓansa duk suka tsattsage.

A mako na uku, ranar kasuwa, Faruk ya aiki mai gadi bakin iyaka, bai dawo ba. Azahar ta wuce. La'asar ta shigo. Wurin cike yake da baƙi, amma Maharazu bai roƙi kowa ba. Ya kama bakin kanta ya saki jiki. Hannun dama ya fara kai ƙasa, ya karye a wuyan hannu.

Faruk ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce zai je dubiya. Bai je ba. Cikin sati ya sa wata mai difloma, Shahida, a bayan kantar.

Ni na kai Maharazu Tozai wurin mai ɗori. Ƙashin ya haɗe a karkace, hannun ba ya iya juya keke. Yanzu a zauren ƙanensa yake wuni, ko masallacin Juma'a sai an ɗauke shi.

Watan jiya Faruk ya aiko in je in ƙara wa kantar fitilu. Ban je ba. Wani kafinta ya je ya sa.