Kofin da Baba Ba Ya Ɗauka

A majami'armu ta Unguwar Kanawa ni ce mai wanke kofunan Jibin Ubangiji, wato ibadar da ake raba burodi da abin sha don tunawa da Almasihu. Ba wanda ya naɗa ni. Matan da ke yi a da duk sun ƙaura tsallaken kogi, aiki ya faɗo a kaina. Ranar Asabar in dafa zoɓo, don shi muke sha a madadin ruwan inabi, in tace, in yayyanka burodi ƙanana-ƙanana. Ranar Lahadi in an tashi sujada in kwashi kofuna in nufi bakin famfo. Kullum akwai ɗaya da ke dawowa a cike, kuma na mahaifina ne.

A wurinmu, kafin a raba jibi, fasto yakan ce duk wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya ya bar tire ya wuce shi, ya je su shirya tukuna. Yawancin mutane sai su sunkuyar da kai na ɗan lokaci, su ɗago su miƙa hannu abinsu, har da waɗanda na san ba sa ga-maciji da juna. Baba kuwa da gaske ya ɗauki maganar. In tire ya iso gabansa sai ya harɗe hannu a ƙirji, ya zuba wa bango ido. Ko a addu'ar Ubangiji, in an zo wajen yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, muryarsa takan ɗauke, sai an wuce wurin ta dawo.

Wanda yake riƙe da shi Baffa ne. Ba jini ɗaya suke ba, amma tare suka tashi a ƙauye, mota ɗaya ta kawo su Kaduna, Baba ya zama kafinta, Baffa ya zama direban bas. Ranar da gari ya rikice, ina budurwa lokacin, muka fito ƙofar gida ba mu san inda za mu nufa ba, sai ga bas ɗin Baffa da iyalinsa a ciki, kujerun baya babu kowa. Baba ya shiga hanya yana ɗaga hannu. Suka haɗa ido. Baffa ya kauce masa ya taka mai. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da hatsi, shi ya ja mu ɗakin matarsa ya rufe, har ƙura ta lafa. Ko ƙwarzane ba wanda ya samu a cikinmu, kuma ko wannan Baba bai yarda ya rage wa Baffa laifi ba.

Baffa ya nemi gafara, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Ya aiko dattawan ikilisiya, Baba ya ba su ruwa ya sallame su. Ya zo da kansa ya durƙusa a ƙofar shago, babban mutum da furfura, yana cewa tsoro ne ya rufe masa ido. Baba ya ci gaba da feƙe katako kamar almara ake yi masa. Daga ranar Baffa bai sake zuwa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Mama ta rasu, yayyena suka koma Sabon Tasha a tsallaken kogi, bencunan majami'a suka yi mana yawa. Maƙwabta mutanen kirki ne, da Sallah tuwo da nama har sai mun rasa kwano, da Kirsimeti mu ma mu aika. Amma in an kira magariba kowa ya shige, sai ni da Baba da rediyo. Kaɗaici ya ci ni a gidan nan, kuma wani lokaci haushinsa a kan Baba nake saukewa.

Wata Lahadi na dawo na dire bokitin kofuna a gabansa na ce, "Baba, Almasihu ya ɗauki zunubin duniya gaba ɗaya, kai na mutum ɗaya ya gagare ka saki? Ni dai na gaji da zubar da zoɓonka a kwata."

Ya dube ni ya ce, "To ki daina zubawa mana. Wa ya aike ki?"

"Baba, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, Uwata. Ban ce Allah bai yafe masa ba. Ni ne ban iya ba. Kina so in cika baki da burodi in yi wa Allah ƙarya?"

Gaskiya ya fi da yawanmu tsoron teburin jibin nan. Sai dai ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya, ni kuma tsoro nake ji ƙwarai kada ya tafi bai sake ɗaukar kofin ba.

A Kasuwar Kawo wata mata da muka sani ta ce mini Baffa yana jin jiki. Na faɗa wa Baba muna cin tuwo, bai ko ɗago ba. Aka yi kwanaki bai tada zancen ba, har na cire rai. Sai wata safiya na fito na same shi zaune a tsakar gida da babbar rigarsa ta zuwa biki, hula a kai. Ya ce, "Nemo mana keke napep."

Baffa ma tsallaken kogi ya koma, Baba kuwa rabonsa da haye gada har na manta. Muka sami Baffa a baranda kan kujerar roba, ya rame, an rufa masa zani a ƙafa. Surukarsa ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa tun da ciwon ya buge shi ba ya gane kowa, ko 'ya'yansa. Na so in tare Baba in gaya masa, amma ya riga ya isa.

Baffa ya yi fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Daga ina?"

Baba ya kira shi da sunan da suke tsokanar juna da shi tun suna kiwo. Baffa ya ci gaba da murmushi irin na karɓar baƙo. Sai Baba ya dafa bango, ya sauka a hankali har gwiwoyinsa suka taɓa siminti, ya cire hula.

"Na zo in ce maka na yafe. Ni ma ka yafe mini, na bar ka durƙushe a ƙofar shago."

"Haba malam, ai ba komai," in ji Baffa. "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Haka ya faɗe ta, yadda ake faɗa wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Ya juya ya ce wa surukar ta kawo wa baƙi ruwa.

Da ƙyar muka ɗaga Baba ni da ita. Ya zauna ya sha ruwan, ya riƙe hannun Baffa na tsawon lokaci, Baffa kuma ya bar masa hannun don ladabi.

A hanyar dawowa cunkoso ya tsayar da mu a tsakiyar gada. Baba yana kallon ruwa, ni ina kallonsa. Na kasa haƙuri na ce, "Baba, ai ka sauke. Allah ya ji. Ranar Lahadi za ka ɗauka ko?"

Ya ce, "Zan ɗauka. Tsakanina da Allah ba sauran magana, na sani."

Na ji daɗi har na fara godiya a zuci. Mai keke ya matsa gaba kaɗan ya sake tsayawa. Baba ya goge ido da bakin rigarsa.

"Amma Uwata, ranar da ya zo nema da hankalinsa, na hana shi. Yau na kawo masa har gida, na tarar ba kowa a ciki."