Mai Ogan da Labulen Ikirari

Tela ne, amma a coci ba wanda ke kiransa tela. Mai Ogan ake ce masa. Duk mako ƙafarsa na kan feda: a shago ta keken ɗinki, ran Lahadi ta tsohuwar ogan, abin kiɗan coci da ake hura wa iska da ƙafa. Matarsa kan ce ko barci yake, ƙafar nan ba ta hutawa.

Babban aikinsa na shekara shi ne Lahadin Jinƙai, wadda ke bin Ista. Ranar kowa so yake ya furta zunubansa gaban Fada, limamin cocin, layi har bakin ƙofa. Cocin kuwa ƙarami ne, ɗakin ikirarin ɗan akwatin katako ne da labule, dab da ogan. Wasu tsofaffi kuma ba su san raɗa ba, in sun shiga sai ka ce kiran wani suke daga ƙetaren titi. Shi ya sa Fada ya ɗora masa wannan: da ya ji murya ta tashi, ya ƙara wa kiɗa ƙarfi. Asirin mutane nawa ya rufe da ƙafarsa, Allah kaɗai ya sani.

Yana da ƙane, direba, wanda gaisuwa kawai ta rage tsakaninsu. Shekarun baya direban ya ɗauko 'yar telan daga makaranta, motar ta kife, yarinyar ba ta tashi ba. Direban ya ce birki ne ya tsinke. Mutane suka ce an gan shi a mashaya da ranar nan. Telan bai taɓa tambayarsa ba, amma abin na cin sa. Ba ramuwa yake nema ba, so yake ya sani.

A bana sai ga direban a layi, ya tsufa, kunne ya mutu. Ya ɗaga labule ya shiga. Telan na taɓa waƙa a hankali lokacin da muryar ta fito, garau, har bencin baya.

"Fada, ranar da na ɗauko 'yar yayana..."

Ƙafar telan ta tsaya. Iskar ogan ta fara ƙarewa, sautin na yin ƙasa. Ba sai ya yi komai ba, zama kawai zai yi, maganar ta iso shi. Wallahi ya so ya ji, so mai tsanani.

Sai ya taka. Ya taka kamar mai ɗinkin da aka tsaya masa a kai, katako na ƙara, matan zumunta suna waiwaye. Waƙar ta ƙare, ya sake ta daga farko, gumi na ɗiga kan hannunsa. Bai sassauta ba sai da labulen ya motsa.

Direban ya fito yana share fuska. Da ya zo gifta yayansa, ya ce da ƙarfi, "Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa," in ji telan.

A gida matarsa ko ɗankwali ba ta cire ba. Ita ma ta ji farkon maganar daga bencin mata.

"Baban yara, birkin ne?"

"Ban ji ba."

"Kai da kake jikin labulen?"

"Kiɗa nake yi."

Ta zauna a bakin gado, idonta ya cika.

"Ke nan ba za mu taɓa sani ba."

"Ba za mu sani ba," ya ce, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi.