Rumbun da Ya Janye Iyakar Gonata

Jama'a, abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, wallahi ba ji na yi a bakin wani ba, yau shekara huɗu ke nan. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Aliero da Jega. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma saboda karatun ne na sayi wata tsohuwar kwamfuta ta tebur, ina koyon haɗa baƙi a kanta idan sola ta ɗauki caji.

A cikinta akwai abin da ya fi kwamfutar daraja. Kun san al'adarmu, idan dattijo ya ji ƙarfinsa ya fara tafiya, yakan ɗauki ɗansa su taka iyakar gona da ƙafa, yana nuna masa. Da Baba ya yi mini haka, sai na ɗauke shi bidiyo da waya. Ya tashi daga bukka, ya wuce tsohuwar rijiya, ya wuce layin gamba, har gindin giginya, ya dafa ta ya ce, "Nan tamu ta tsaya." Bayan wata uku ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Wayar kuwa an zare mini ita a kasuwar Jega, saura na cikin kwamfuta kawai. Na kalle shi ya fi sau ɗari.

To, sai Sahabi, ɗan baffana, ya taso da maganar cewa daga gamba zuwa giginya na ubansa ne, kuma nan ne fadamar, nan albasa ke yi. Ban yi faɗa da shi ba, na ce mu je gaban mai gari. Ana saura mako guda a zauna, kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera na cin ƙwarya. Na ɗaure ta a babur na kai wa Nasiru mai gyara a Jega.

Ya saurara ya ce, "Baba Malam, rumbun ajiyarta ne zai mutu. Mu haɗa maka sabuwa gaba ɗaya, mu sa rumbu irin na yanzu, es-es-di."

Ya ɓare leda a gabana ya fito da wani abu siriri, bai fi tsawon yatsa ba. Na ce, "Kai Nasiru, wanga ɗan abin ne zai ɗauke gonata?" Ya yi dariya ya ce har da ta maƙwabta. Ya ce in sa da hannuna. Na yi bismilla, na zura shi a karkace cikin ɗan bakin da aka yi masa a sabuwar kwamfutar, na danna ya kwanta, na ɗaure da noti ɗaya ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya kwashe komai daga tsohon ya zuba, muka buɗe bidiyon muka ga Baba ya tashi daga bukka, na ce shi ke nan, rufe.

Ga inda na cuci kaina. Da na dawo gida da tsohon rumbun, maiɗakina tana ɗinki, ta ce ta ji akwai mayen ƙarfe a ciki mai tattara allura. Ni da kaina na sa guduma na fasa mata.

Ranar zama na kai kwamfutar da batir har zauren mai gari, hantsi ya dubi ludayi, dattawa sun cika. Na kunna ina jin kaina. Baba ya wuce rijiya, ya iso layin gamba. Sai ya tsaya. Jama'a, wallahi tallahi a da ba ya tsayawa a nan, tsallake ta yake yi har yana tattare riga. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Nan tamu ta tsaya." Bidiyon ya ƙare.

Sahabi ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban ma kawo shaida ba, ga shi ya kawo mani." Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce, "Ashe bokon tsufa bai hana mutum kai kansa ƙara." Mai gari ya dube ni ya ce, "Muryar mahaifinka ce ko ba ita ba?" Na ce ita ce. Me zan ce? Haka fadamar ta tafi, da sunan maƙaryaci a kaina.

Na koma wa Nasiru, ya rantse bai taɓa komai ba, bai ma san Sahabi ba. Na kai wa wani mai gyaran a Maiyama, ya duba ya ce babu alamar yanka ko ɗinki. Wasu suka ce asiri, wasu suka ce ni ne na manta. Na yi haƙuri, na kulle kwamfutar a ɗaki, ba mai taɓa ta sai ni, ba ta kuma haɗe da komai.

Bayan shekara guda kewar Baba ta kama ni, na kunna da la'asar. Bai kai gamba ba. A bakin rijiya ya tsaya, ya faɗi maganar nan tasa. A daminar nan rijiyar ta rufta, zaizaya ta cinye daga nan har zuwa gamba, ko ƙaya ba ta fita. Bara na sake yin ƙarfin hali. Taku bakwai ya yi daga bukka, na ƙirga, ya juyo. Kafin ya buɗe baki na fizge wayar wuta.

Abin da ya rage mini, daga bukka zuwa inda rijiya take a da, shi nake nomawa, kuma ban sake kunna kwamfutar ba. In dattijonku yana da rai, ku tara shaidu masu numfashi, a rubuta a takarda, kowa ya dangwala yatsa. In kuma za a sa muku sabon rumbu, ku kalli abinku har ƙarshe kafin ku ɗauki guduma. Ni dai ko ɗakin na shiga ɗaukar buhu, ba na ba ta baya.