Lambu Mai Mariƙi

Ɗayyabu Mamman Inno sunansa. Abdulghani mai gyaran tankunan ruwa ya fara ganinsa ne a watan Rabi'ul Awwal na 1443, a saman wani tsohon bene a unguwar Sa'alaba ta Jidda, wanda aka riga aka shafa wa jan fenti alamar za a rushe shi.

Dattijo ne siriri, farcensa cike da ƙasa. Yana kwance baƙar ragar da ta kare rumfar shukarsa daga zafin bazara, yana shimfiɗa leda a madadinta, domin a Jidda sanyi ne lokacin shuka. Haske yana ratso ledar yana lilo a fuskarsa, sai ka ce a ƙarƙashin ruwa yake tsaye. Yakuwa da lalo da kuɓewa duk a gwangwanaye suke, kowane gwangwani da mariƙin waya.

Abdulghani ya ce, "Ya ammi, baffana, ba ka ga fentin ba? Halas, shi ke nan, gidan nan ba zai kai girbi ba."

Dattijon bai ɗago ba. "Na gani, ɗana. Kakata ce ta ƙullo irin nan a bakin zanenta daga Damagaram, a ƙafa. Mu ba ma shuka abin da ba za mu iya ɗauka ba."

Daga baya Abdulghani ya hange shi a bakin titi, gwangwani a kowane hannu, yakuwar ta yi fure, yana tambayar mai mota ko can inda za a kai mutanen unguwar ana barin mutum ya hau rufi.

Ganinsa na ƙarshe ke nan, ranar goma sha biyu ga Rajab, 1443.